Yadda ake tantance ƙarfin ƙasar shinkafa daga jigawa zuwa fadama

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ne magatakardan wata ƙungiyar manoma a yankin Madarumfa. Mun samu aron fili mai faɗin kusan hekta 12, wanda ya faro daga jigawa, ya ratsa geza, ya gangara har cikin fadama, kuma muna so mu noma shinkafa a ciki. Gardama ta tashi tsakaninmu a kan rabon fangaloli, domin kowa yana son wajen baƙar ƙasa. Wasu sun ce mu kai ƙasar a auna mana, wasu sun ce ido ya isa. Ta yaya za mu gane inda ya fi ƙarfi, da wanda yake bi masa, da inda bai kamata mu ɓata iri ba?"

Wa alaikumus salam, Malam magatakarda. Idan na fahimce ka da kyau, abu biyu kuke nema: hanyar da za ku jera sassan filin nan tun daga wanda ya fi dacewa da shinkafa har zuwa mafi rauni, da kuma hujjar da za ku kafa wa ƴan ƙungiya ta yadda rabon ba zai bar ƙorafi a baya ba. Masu cewa ido ya isa da masu cewa a kai awo, kowannensu yana riƙe da wani ɓangare na gaskiya, amma tsarin da ake bi shi ne ya fi muhimmanci. A ƙasar shinkafa ana fara duba yadda take riƙe ruwa, sannan a nemo aibin da ya fi tsanani a kowane sashe, sai daga ƙarshe a zo kan sinadaran da buhun taki yake iya cikewa. Wanda ya juya wannan tsari, ya fara da takardar awo kafin ya haƙa rami, yakan ba wa sashe daraja ta farko alhali ruwa ba ya kwana a cikinsa.

Ya kamata mu tuna inda muke. Mafi yawan shinkafar Nijar tana fitowa ne daga gandayen bakin kogin Isa (wato kogin Neja), a Tilaberi da Yamai da Gaya, inda hukumar ONAHA da aka kafa a 1978 take kula da aikin ban ruwa, sai kuma bakin Komadugu a jihar Difa. A can ƙasa laka ce mai nauyi, ruwa kuma yana kusa, kuma yawancin shawarwarin taki da kuke ji an tsara su ne a kan irin wannan ƙasa. Mu a kudancin Maradi ruwan da muke samu a shekara yana tsakanin milimita 500 zuwa 600, cikin wata uku zuwa huɗu, alhali shinkafar fangali tana buƙatar kimanin milimita 1,000 zuwa 1,500 a zango guda ko da a ƙasa mai riƙo. Ke nan shinkafa a wajenmu tana rayuwa ne ko dai da ruwan da ya gangaro daga gonar wani, ko da ruwan da inji ya jawo aka biya kuɗin mansa. Wannan shi ya sa batun riƙon ruwa yake gaba da komai.

Abin da gangare yake yi wa ƙasa

Jigawa tarin rairayi ce da iska ta ajiye tun zamani mai nisa. Idan aka auna ta, rairayi yakan kai kashi 90 cikin 100 ko fiye, laka ƴar kaɗan ce, ruɓin ganye da taki kuwa bai cika kai kashi 1 cikin 100 ba, sau da yawa ma bai kai rabin hakan ba. Laka da ruɓi su ne suke kama sinadarai su riƙe wa shuka, don haka ƙasar da ba ta da su ba ta ajiya. Zuba mata yuriya a ƙarƙashin ruwa kamar ɗiban ruwa da kwando ne. Gero da wake da gyaɗa sun saba da ita domin saiwarsu tana bin laima zuwa ƙasa kuma suna jure ƙishi. Shinkafa saiwarta gajera ce, mafi yawanta ba ta wuce santimita 20 zuwa 30 na sama ba. Akwai irin tudu, kamar wasu daga cikin NERICA da cibiyar AfricaRice ta fitar, amma ko su, idan ruwa ya ɗauke mako guda ko kwana goma a lokacin da suke ɗaukar ciki a kan rairayi, zangarniya takan fito fanko. Ban taɓa ba wa ƙungiya shawarar sa shinkafa a jigawar yankinmu ba.

Geza ita ce mai ruɗarwa. Tana da laka da turɓaya fiye da jigawa, tana taurin da sai an yi ruwa mai kyau garma take shigarta, samanta kuma yana yin ɓawo ta yadda ruwan sama yake gudu a kanta maimakon ya nutse. Manomin gero yana ƙinta saboda wannan hali, amma shi ne halin da mai shinkafa yake nema, muddin taurin ya zarce har ƙasa. Wata gezar idan aka daidaita ta, aka ɗaga mata kunya mai kauri, aka kwaɓa ta da ruwa, sai ta zama fangali mai riƙo. Wata kuwa taurin nata na sama ne kawai, da an huda ɓawon sai a faɗa rairayi. Ba a yanke mata hukunci da kallo daga bakin hanya.

Fadama tana karɓar abin da tudu ya rasa: laka mai laushi, da ruɓi, da fotasiyam da kalsiyam da ruwa ya kwaso. Shi ya sa a kusan kowane awo takan fito kan gaba. Amma fadamar Gulbin Maradi ba ƙasa ɗaya ba ce daga sama har ƙasa. Gulbin yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya ratso ta Madarumfa da Maradi da Tibiri, ya koma Najeriya ya haɗu da Rima, kuma a tsawon shekaru ya yi ta canza hanya yana shimfiɗa laka a wata shekara, yashi a wata. Tun da aka gina madatsar Jibiya a ƙarshen shekarun 1980, ambaliyar da take kawo sabuwar laka ta ragu, yayin da koramu masu gangarowa daga tudun da aka sare wa itace suke ci gaba da zubo yashi a bakin fadamu. Sakamakon haka za ka iya samun fangali biyu maƙwabta, launinsu ɗaya, ɗaya laka ce har zurfin mita, ɗaya kuma laka ce taki ɗaya a kan yashi.

Rami da ganga kafin ɗakin gwaji

Aikin farko ba ya cin kuɗi, ƙarfi kawai yake ci. Ku bi filin daga sama zuwa ƙasa, ku haƙa rami mai zurfin mita guda a duk inda ƙasa ko ciyawa ta canza kama, kuma ku tafi da dattawan da suka san wurin tun kafin madatsa, domin su ne za su nuna muku inda ruwa yake kwanciya, da tsawon kwanakin da yake yi, da inda korama ta taɓa fasowa. A kowane rami ku kankare bango ɗaya da wuƙa ku duba. Ku ɗebi ƙasa daga sama, da tsakiya, da gindi, ku jiƙa ta, ku murza tsakanin babban yatsa da manuni. Wadda ta ƙi dunƙulewa rairayi ce. Wadda ta dunƙule amma ta karye da an ja ta matsakaiciya ce. Wadda ta miƙe ta yi tsawon santimita biyar ko fiye ba ta tsinke ba, tana kuma maƙale wa yatsa, laka ce. Ku auna kaurin lakar da ma'auni ku rubuta. Idan bai kai santimita 30 ba kafin a iske yashi, to sashen yana da haɗari, domin garma mai zurfi ɗaya tana iya huda shi. Launin bangon ma yana ba da labari: ɗigo-ɗigon tsatsa a cikin ƙasa mai ruwan toka alama ce ta cewa ruwa yana hawa yana sauka a wannan zurfi kowace shekara, ruwan toka zalla mai ɗan shuɗi yana nuna wurin da ruwa yake daɗewa, ja ko rawaya mai haske kuwa yana nuna ƙasar da ruwa yake ratsawa ya wuce.

Bayan rami sai ganga. A samu tsohuwar ganga a yanke gindinta, a kwaɓa ƙasa da ruwa a ɗan fili kamar yadda za a yi wa fangali, a danna gangar ta shiga santimita 15 zuwa 20, a cika fili da ganga da ruwa daidai wa daida, a rufe bakin gangar da leda don kada rana ta sha. A bar ta ta kwana biyu ƙasa ta ƙoshi, sannan a sa alama, a dawo bayan awa 24 a auna abin da ya ragu. Laka mai kyau takan sha milimita 1 zuwa 5 a yini. Idan ragin ya kai milimita 10 a yi hattara, idan ya wuce 20 a yi lissafi kafin a ci gaba. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: milimita guda a kan hekta guda daidai yake da mita kubik 10 na ruwa, don haka fangalin da yake zubar da milimita 20 a yini yana asarar mita kubik 200 a hekta kowace rana, wato 20,000 a kwana ɗari, ban da abin da rana da ganye suke sha, wanda a bazara yakan kai milimita 8 zuwa 10 a yini. Duk wanda ya san yadda manoman gandarin Jiratawa suke biyan kuɗin jawo ruwa daga rijiyoyin burtsatse ya san ma'anar wannan adadi. Ruwan da ya zurare kuma ba shi kaɗai yake tafiya ba, yana tafiya da yuriyar da aka watsa.

Akwai kuma kishiyar wannan matsala, wadda masu rububin gindin fadama suke mantawa. Wurin da ya fi ko'ina zurfi yakan yi ruwa har ƙugu a watan Agusta. Gajerun iri na zamani suna son ruwa mai zurfin santimita 5 zuwa 10, kuma yawancinsu idan ruwa ya shanye kansu na tsawon mako guda sai su ruɓe. A filayen da na yi aiki a kansu, sashen da ya fi ba da amfani sau da yawa shi ne wanda yake sama kaɗan da gindin, inda laka take da kauri amma ana iya fitar da ruwa idan ana so. Ku nemi alamar ruwan bara a jikin itatuwa, ba ta ƙarya.

Aibin da taki ba ya gyarawa

Ka ce kowa yana son wajen baƙar ƙasa, to a nan ne zan ja hankalinku. Baƙi iri biyu ne. Akwai na ruɓi, wanda ƙasarsa take marmashewa a hannu, tana da ƙamshin laima da ramukan tana. Akwai kuma baƙin kanwa, inda sinadarin sodiyam ya narkar da ɗan ruɓin da ke cikin ƙasa ya fito da shi sama, ya bar wani baƙin shafi mai santsi idan ta jiƙe, mai taurin dutse idan ta bushe, ciyawa kuma tana tsirowa jefi-jefi. Gwajinsa a gida shi ne a jefa busasshen ɗan curi a kofin gilashi mai ruwan sama, kada a motsa. Idan curin ya rushe ruwan ya zauna garau, babu laifi; idan wani hazo mai kama da madara ya kewaye shi, akwai kanwa. A takardar awo za ku ga pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ƙasa, ya haura 8.5. Irin wannan ƙasa tana buƙatar jipsum da magudanar fitar da ruwa da shekaru na haƙuri, kuma an ga yadda ta wahalar da manoma a gandarin Lossa na jihar Tilaberi da wasu sassan babban gandarin ban ruwa na Office du Niger a Mali.

Gishiri ɗan'uwan kanwa ne amma halinsu daban. Yana bayyana da farin ɓawo a kan kunya lokacin rani, bakin ganye kuma yana ƙonewa ya yi fari. Shinkafa ba ta da juriyarsa sosai: daga 3 dS/m a ma'aunin gishirin ƙasa amfani yake fara raguwa, kuma kowane ƙarin ɗaya a kan haka yana cin kimanin kashi 12 cikin 100. Gishiri yana wankuwa idan akwai ruwa mai daɗi da hanyar fitar da shi, shi ya sa nake sa shi a ƙasa da kanwa wajen muni. Amma ku auna ruwan rijiyar da za ku yi ban ruwa da shi tare da ƙasar, domin wani lokaci gishirin daga ruwan yake zuwa.

Gubar ƙarfe ta fi yawa a ƙasashe masu ruwa da yawa irin su Gini da Kodibuwa, amma tana iya fitowa a wajenmu a daidai gindin gangare inda ruwa yake tsatsafowa. Za ku ga jan tsatsa a bakin ruwan da wani shafi mai walƙiya a samansa, ganyen shinkafa kuma yana yin ɗigon ruwan ƙasa daga baki har ya koma launin tagulla. Abin da ya fi damun mu shi ne ƙarancin zinki, musamman a laka mai farar ƙasa ko wadda aka kankare samanta wajen daidaita fili. Yana bayyana mako biyu zuwa huɗu bayan dashe: shuka ta tsaya cak, ba ta yin ƴaƴa, tsakiyar ƙananan ganye ta yi fari-fari, tsofaffin kuma su yi tabo mai launin ƙura, kuma a fangali ɗaya wani wuri ya yi kyau wani ya tsumbure. Manomi yakan ɗauka yunwar yuriya ce ya ƙara watsawa, abin ya ƙi. Wannan aibi ne mai arhar magani, domin kimanin kilo 25 na zinki salfet a hekta yakan wadatar har fiye da zango ɗaya, don haka bai kamata ya sauke darajar sashe sosai ba.

Ɗaukar samfuri da karanta takardar awo

Yanzu ne lokacin ɗakin gwaji, bayan ramuka sun raba muku filin gida-gida. Kuskuren da na fi gani shi ne a haɗa ƙasar jigawa da ta geza da ta fadama a leda ɗaya don a rage kuɗi, sai a samu sakamakon da bai dace da ko'ina ba. Kowane sashe samfurinsa daban. A bi shi a karkace, a ɗebi ƙasa daga sama zuwa zurfin santimita 20 a wurare 15 zuwa 20, a guje wa gindin gawo da tsohon makwancin shanu da gidan gara da bakin kunya, a cuɗa a bokitin roba mai tsabta, a shanya a inuwa, a ɗauki rabin kilo a rubuta sunan sashe a ciki da wajen ledar. Kada a zuba a tsohon buhun taki. Cibiyar binciken noma ta INRAN tana da reshe a Tarna nan Maradi da ɗakin awon ƙasa a Yamai, kuma malaman sashen noma na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo suna iya taimaka muku da fassarar sakamakon.

Ku nemi a auna pH, da gishiri, da ruɓi, da fosforas, da fotasiyam, da ƙarfin riƙe sinadarai da ake rubutawa CEC, da zinki idan hali ya yi. A ƙa'idodin da aka saba amfani da su ga shinkafar fangali, fosforas da ya gaza miligiram 5 a kilo ta hanyar awon Olsen, ko 7 ta hanyar Bray, ƙaranci ne. Fotasiyam da ya gaza 0.2 cmol a kilo abin lura ne. Zinki da ya gaza miligiram 0.8 a kilo ma haka. CEC na jigawa yakan tsaya a 1 zuwa 3, na laka mai kyau kuwa yakan wuce 15. Dole a duba hanyar da aka bi wajen awon fosforas kafin a gwama lambobi, domin lambar Olsen da ta Bray ba ɗaya ba ne.

Sai dai takardar tana da iyakarta. An auna busasshiyar ƙasa ce, shinkafa kuwa a cikin ruwa za ta rayu, kuma ƙasa tana canza hali idan ruwa ya rufe ta. Cikin ƴan makonni iska takan ƙare a cikinta, pH na mai tsami ya hau, na mai kanwa-kanwa ya ɗan sauka, dukansu su doshi 6.5 zuwa 7. Fosforas da ƙarfe suna ƙara narkewa, zinki kuwa yana ƙara ɓuya. Saboda haka ɗan tsamin da zai sa a rage wa gonar masara daraja ba abin tsoro ba ne a fangali. Waɗannan iyakokin lambobi kuma mafi yawansu daga binciken ƙasashen Asiya aka samo su, ana amfani da su a matsayin jagora, shuka ce take da maganar ƙarshe.

Jera sassan

Wata hanya da ta yaɗu ita ce a ba kowane sinadari maki, a tara, wanda ya fi yawa ya zo na ɗaya. Ba na son ta ga shinkafa, domin tana barin alheri ya rufe aibi: ƙasa mai kanwa takan cika da fotasiyam da CEC mai yawa, ta ci maki, ta kuma kashe dashe. Tun ƙarni na 19 aka san ƙa'idar da ake jingina wa masanin Jamus Justus von Liebig, cewa abin da ya fi ƙaranci shi ne yake ƙayyade amfani komai yalwar sauran. A kan wannan tunani aka gina tsarin FCC da Buol da Sanchez da abokan aikinsu suka fitar a 1975, wanda yake ba wa ƙasa babban harafi na jikinta, S ga rairayi, L ga matsakaiciya, C ga laka, sannan ƙananan haruffa na aibobinta, kamar s ga gishiri, n ga kanwa, k ga ƙarancin fotasiyam, e ga raunin riƙo. Tsarin 1976 na FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, shi kuma yana raba ƙasa zuwa mai dacewa sosai, da matsakaiciya, da ta dole-dole, da wadda ba ta dace ba.

Ga yadda nake haɗa su a aikace. Daraja ta farko ita ce sashen da yake da laka mai kaurin rabin mita ko fiye, ganga ta nuna bai wuce milimita 5 ba, ana iya shigar da ruwa a fitar, babu gishiri babu kanwa. Ko da fosforas ɗinsa ya yi ƙasa bai sauka daga wannan matsayi ba, tunda takin DAP ko kamfa, wato NPK 15-15-15, suna maganinsa a zango guda. Ta biyu ita ce mai aibi ɗaya da aiki ko ɗan kuɗi suke gyarawa, kamar rashin daidaito, ko zinki, ko zurarewar ruwa matsakaiciya. Ta uku ita ce mai aibin da gyaransa yake cin shekaru ko yake cinye riba, irin lakar da ke kan yashi, ko gishiri mai sauƙi, ko gindin da ambaliya take shanyewa, wanda sai dai a sa masa dogon iri. Abin da ya rage a bar wa gero da wake da gyaɗa, gezar da ba ta riƙe ruwa kuma a ba dawa ko kayan lambu. A fili irin naku ba zan yi mamaki ba idan rabi ko ƙasa da rabi ne ya shiga daraja ta farko da ta biyu, amma wannan zato ne daga nesa. Ban tsaya a kan ramukanku ba, ba kuma zan iya jera muku su ta wasiƙa ba.

Bari shinkafar ta yi shaida

Hujjar da ta fi kashe gardama ita ce gwajin tsame sinadari, kuma kuna iya yin sa a zangon farko. A kowane sashe a keɓe ƙananan fangaloli biyar, kowanne mita 5 a 5, da kunya mai kauri da mashigar ruwa ta kansa don kada ruwan wani ya shiga wani. Na farko a ba shi nitrojin da fosforas da fotasiyam cikakku, na biyu a hana shi nitrojin kawai, na uku fosforas, na huɗu fotasiyam, na biyar kada a ba shi komai. Wannan yana buƙatar takin da sinadarinsa ɗaya ne, wato yuriya don nitrojin, da TSP don fosforas, da KCl don fotasiyam, domin kamfa ba ta rabuwa. Iri ɗaya, ranar dashe ɗaya, cirar ciyawa lokaci ɗaya. A girbe tsakiya mita 4 a 4, a busar, a auna a gaban kowa, a ninka sau 625 a samu na hekta. Kilo 6 na shanshera, alal misali, yana nufin kilo 3,750. Fangalin da ba a ba komai ba yana nuna ƙarfin ƙasar na asali, tazarar da ke tsakanin cikakke da wanda aka tsame wa abu tana nuna yunwar da ta fi tsanani, idan kuma cikakken ma bai tashi ba, to matsalar tana ga ruwa ko gishiri ko zinki. Ku yi gwajin da damina, ko ku kiyaye lokacin shukar rani, domin sanyin Disamba da Janairu a lokacin ɗaukar ciki, da zafin da ya haura digiri 35 a lokacin fure, dukansu suna sa fanko, kuma sai a ɗora wa ƙasa laifin da ba nata ba. Zango ɗaya ma bai isa a rantse da shi ba, biyu sun fi.

Game da rabo, abin da na ga yana zaunar da ƙungiya lafiya shi ne a amince da darajojin a taro kafin a san wanda zai samu ina, sannan a yi ƙuri'a, a ƙara wa masu daraja ta biyu da ta uku faɗi ko a rage musu kuɗin ruwa gwargwadon tazarar da gwajin ya nuna. Ku rubuta kuma a yarjejeniyarku cewa za a sake duba jerin bayan zango uku ko huɗu, domin darajar ƙasa tana motsi. Kowane tan guda na shanshera yana ɗauke kimanin kilo 15 zuwa 20 na nitrojin, da kilo 3 na fosforas, da kilo 15 zuwa 20 na fotasiyam, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na fotasiyam ɗin yana cikin kara ne. A wajenmu karan shinkafa ba ya kwana a gona, dabbobi ake kai wa ko a sayar, alhali buhun kamfa mai kilo 50 bai ƙunshi fiye da kilo 7.5 na kowane sinadari ba. Fangalin da ya ba da tan 5 aka kwashe karansa ya rasa fotasiyam da buhu biyu ko uku ba za su mayar ba, don haka ku sa sharaɗin cewa duk wanda ya fitar da kara zai mayar da takin dabbobi a fangalinsa kafin kaftun zango mai zuwa.